Wasiƙar da Inna Ba Ta Ɓoye Ba

Abin da ya sa na ɗauki biro a wannan shekarun nawa, da ido ya fara gardama, shi ne maganar da Bashiru ya faɗa mini ranar da aka haifa masa 'ya. Na kira shi zaure na ce ina so a sa wa yarinyar sunan mahaifiyata, Inna. Ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce:

"Baba, ka yi haƙuri. Dut sunan da kaka so mu sa, ban da wanga. Ka san Mama ba ta jin daɗinai."

Ban yi masa faɗa ba, ba shi da laifi. Duk kun tashi kuna jin labari guda a gidan nan: wai kakarku ce ta ɓoye wasiƙar da za ta mayar da ni ƙasar waje, ta kashe mini aikin jirgin ƙasa don kada in yi nisa da ita. Uwarku Hajo ta yarda da haka, ku ma kun yarda, har maƙwabtanmu na unguwar Nassarawa sun san zancen. To ƙarya ce, kuma ni na san ƙarya ce tun ranar farko. Sai dai ba za ku gane yadda aka yi ba sai na fara gaya muku irin aikin da na yi, don duk cikinku babu wanda ya taɓa tambayata. Kun san dai ana ce mini Direba, kuna zaton tsohon babur ɗin nan ne ya jawo mini sunan.

Ni ɗan Argungu ne, gidanmu masu noman shinkafa ne a fadama, ƙasarmu kuwa babu layin dogo ko taku ɗaya. Neman abinci ya kai ni reluwe tun ina saurayi, na fara da share kan jirgi, na koma zuba kwal, har na zama direba a layin da ke tashi daga Kafanchan ya hau duwatsu zuwa Jos. Kan jirgin wancan zamani wuta yake ci, kuma mutum biyu ke cikinsa, direba da mai zuba kwal. Nawa mai zuba kwal sunansa Bulus, mutumin Kagoro ne, gajere, bakinsa ba ya hutawa. In muka fara hawa sai ya tuɓe riga, yana zuba kwal yana zagin injin kamar jakinsa ne, ni kuma ina sakar wa dogo yashi don kada ƙafafun su zame. In muka kai sama lafiya sai ya ɗora doya a kan shebur ya tura cikin wuta, mu ci da gishiri, fuskokinmu baƙi ƙirin. Shekara bakwai muna haka. Na san sunayen 'ya'yansa, ya san ranar da Inna ke ciwon ƙafa ko bai taɓa ganinta ba.

Daga baya aka kawo kawunan jirgi masu shan gas su haɗa lantarkinsu da kansu. Sun fi tsabta, ba na musu, amma mai zuba kwal ba shi da aiki a injin da ba ya cin kwal. Bulus ya ɗan jima yana zama kusa da ni hannu rabbana, sannan ya ce shi zai koma gida ya noma citta. A wannan shekarar ce kuma, ba a daɗe da yin jihar Sakkwato ba, aka fara zancen wata rana za a ja wayar lantarki a saman layinmu. Aka zaɓi 'yan kaɗan a cikinmu mu je wata ƙasar Turai mai duwatsu mu koyi tuƙin irin wannan jirgi. Da sunana ya fito, Hajo ta yi guɗa a kwatas ɗin reluwe har matan maƙwabta suka fito. Tana da cikin Bashiru a lokacin, sai na kawo ta gidan iyayenta a Birnin Kebbi na tafi.

Wata tara na yi a can. Duwatsunsu ba irin namu na Jos ba ne, in ka ɗaga kai don ka ga ƙarshensu sai hularka ta faɗi, kuma dusar ƙanƙara ba ta barin kansu. Wanda ya koya mana tuƙi wani tsoho ne da muke ce wa Baba Gemu, ubansa ma direba ne a wannan layin. Shi ya ba mu tarihin abin, yana yi yana nuna mana tsofaffin kawunan jirgi da suka jera a wata rumfa kamar shanun da suka daina huɗa. Ya ce da farko su ma da kwal suke hawa, amma layinsu yana ratsa ramukan da aka haƙa cikin dutse, hayaƙi ya cika ramin, har akan fito da direba a sume. Ga shi ba su da kwal sai sun sayo, ruwa kuwa yana gangarowa daga duwatsu kyauta. Sai suka tare ruwan suka yi lantarki da shi, suka ja waya a saman layi. Kawunan farko masu dogon hanci ne gaba da baya, da sandunan ƙarfe a ƙafafu irin na masu kwal, a samansu kuma akwai hannun ƙarfe da ke shafar waya. Inda hawan ya yi tsanani suka sa dogo na uku mai haƙora a tsakiya, injin yana cizonsa yana hawa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gangara: in jirgi yana saukowa, injin ne ke riƙe shi, wutar da ya samu kuma ya mayar da ita waya, wani jirgin da ke hawa ya sha. Na rubuta duk wannan a littafina da zane-zane. Littafin yana cikin akwatin ƙarfena har yau, ku duba in kun ga dama.

Rannan na tambayi Baba Gemu, da Turancina da nasa duk gurguwa, ina masu zuba kwal ɗinsu suka tafi. Ya ɗaga kafaɗa, ya nuna mini wata feda a ƙarƙashin kujerar direba. A sababbin kawunan jirginsu mutum ɗaya ne ke zama. Tunda babu wanda zai lura in ka suma ko ka mutu, sai aka yi wannan feda. Ƙafarka tana kanta kullum, jim kaɗan ƙararrawa ta buga, sai ka saki ka sake takawa. In ba ka yi ba, jirgin ya ɗauka ka mutu, ya ja wa kansa birki. Abin da aka sa a madadin Bulus ke nan, ƙarfe da ke tambayarka ko kana da rai.

Muddin Baba Gemu yana tsaye bayana ban ji komai ba. Ranar da aka sake ni ni kaɗai, da rana tsaka, na shiga ramin da ya fi kowane tsawo. Babu hayaƙi, babu zafi, babu ƙarar shebur, sai wani zuu a kunne da fitila tana cin duhu. Ƙararrawa ta buga, na taka. Ta sake bugawa, na taka. Can sai na ji bakina yana cewa, "Bulus, duba mini gefenka." Na waiwaya, bango ne. Ban san abin da ya same ni ba, hawaye suka zo mini ni da ban yi kuka ba ranar da aka binne ubana. Ƙararrawa ta buga ban taka ba. Jirgin ya tsaya cak a tsakiyar dutse da wagunan katako a bayana. Na yi ta maza na tayar da shi na fita, da aka tambaye ni na ce ƙafata ce ta zame. Suka yarda, har suka ce ai gara da na ga yadda birkin ke aiki. Na ci jarrabawa da kyau. Amma daga ranar, duk sadda na ga bakin rami yana tahowa sai tsoro ya kama ni, kuma ban gaya wa kowa ba.

Na dawo gida da takardar shaida da agogo da hutun wata uku. Na tarar an haifi Bashiru, Hajo tana wankan jego a gidansu, mutanen gidan suna nuna ni ga baƙi suna cewa ga surukinmu da ya je Turai. Na yi kwana biyu na wuce Argungu wajen Inna, don lokacin yankan shinkafa ne, kuma ni kaɗai ne namiji da ya rage mata. Shinkafarmu irin mai bin ruwa ce, a wasu wuraren sai da kwalekwale ake yankanta. Ban taɓa jin daɗin aikin gona kamar wannan shekarar ba. Mutum goma a jere da lauje, ana ba'a, ana zagin juna, wani yana tambayata ko gaskiya ne Turawa ba su cin tuwo. In na yi shiru minti ɗaya sai wani ya tsokane ni.

Ana cikin haka wata Laraba da hantsi na hango ƙaramin kwalekwale yana tahowa, Inna a zaune a ciki, maƙwabcinmu yana tuƙa ta. Inna ba ta karatu, amma tana girmama takarda ƙwarai, in ta ga guntuwa a ƙasa sai ta ɗauka ta soke a danga. Masinja ya kawo wasiƙa gida, kamar yadda aka saba ya miƙa wa babba a gidan, ita kuwa ko zama ba ta yi ba ta naɗe ta a bakin zane ta biyo ni fadama da ciwon ƙafarta. Ta miƙo mini da hannu biyu.

"Amshi, Ummaru. An ce daga wurin aikinku ta. Na ce kar ta kwana."

Na matsa da kwalekwalena gefe na buɗe. An zaɓe ni in koma ƙasar duwatsu shekara biyu, in ƙware har in koya wa wasu. In bayyana a Kaduna cikin kwana ashirin. Na karanta sau biyu. Abin da kowa ke roƙo ya same ni, ni kuwa ba abin da na gani sai bakin ramin nan da fedar nan. Bayana ina jin mutanenmu suna dariya a kan wani da ya faɗa ruwa. Na ninke takardar, na sa hannuna a gefen kwalekwale kamar mai wanke lauje, na buɗe yatsuna. Ta ɗan yi iyo, ta jiƙe, ta shige ƙarƙashin karan shinkafa.

"Mi anka rubuta?" in ji Inna.

"Ba komi, Inna. Gaisuwa ta."

Ta dube ni, ta dubi ruwan, ta ce wa maƙwabcinmu su koma gida rana ta yi.

Bayan wata ɗaya wasiƙa ta biyu ta zo, wannan karon Hajo ta gama wanka ta zo Argungu da jariri, kuma tana karatu, ita ta buɗe. An ce tunda ban amsa ta farko ba an ba wani gurbina. Ta same ni a bakin rumbu, takardar a hannunta.

"Malam, wace ta farko? Ina take?"

"Ban sani ba," na ce.

Kalma uku ke nan, kuma su ne suka ci gidan nan shekara da shekaru. Na yi zaton za ta ce ta ɓace a hanya, magana ta mutu. Ban san Hajo ba ke nan. Ta bi diddigi har ta samu matar masinjan a gidan biki, matar ta ce ai mijinta hannu da hannu ya ba tsohuwa. Da yamma Hajo ta durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, da ladabinta, muryarta dai ta canza. Ina tsaye a bakin zaure ina jin komai.

"Inna, an ce an ba ki wata takarda ta Malam."

"An ba ni."

"To ina take, Inna?"

Inna ta ɗaga ido ta hango ni. Taku biyar ne tsakanina da su. Na tsaya ina gyara igiyar akuya da ba ta kwance ba.

"Ruwa ya ci ta," in ji Inna.

Ba ta ƙara ko kalma ba. Hajo ta tashi ta shiga ɗaki, washegari ta ce ita ba za ta ƙara kwana a Argungu ba. Ni kuma kunya ta hana ni komawa Kafanchan, inda kowa zai tambaye ni yadda aka yi, ga shi ba Bulus. Na rubuta takardar barin aiki, na samu aikin kula da injin ba da wuta a wata ma'aikata a Birnin Kebbi, muka kama haya a Nassarawa. Mutane suna tausaya mini, suna cewa uwa ta cuce shi amma dubi yadda yake mata biyayya. Ina jin wannan yabo ina amsawa da "sai haƙuri". Ban san abin da ya fi wannan ƙazanta a rayuwata ba.

Na gudu daga zama ni kaɗai a kan jirgi, sai ga ni ni kaɗai a ɗakin inji daga safe zuwa la'asar, ba mai shigowa sai in wuta ta ɗauke a zo a yi mini tsawa. A majalisa in na fara zancen dogo mai haƙora ko jirgin da ke mayar da wuta waya, sai a yi murmushi a ce Direba ya fara, a koma zancen farashin albasa. Na daina. A gida Hajo tana yi mini komai, amma tausayina take ji, ni kuwa na san ban cancanta ba, sai na riƙa guje wa hira da ita. Kowace Juma'a bayan masallaci in hau babur ni kaɗai in tafi Argungu. Ba ta taɓa hana ni ba, ba ta kuma taɓa cewa in gaida Inna ba, ku ma ba ta bari in ɗauke ku sai da salla. Inna takan tambaye ni ku ɗaya bayan ɗaya, wa ya yi haƙori, wa ya fara tafiya, ta ƙulla muku ƙuli-ƙuli da busasshen kifi. Wayar lantarkin da aka ce za a ja a layinmu kuwa har yau ba a ja ba. Na daɗe ina fakewa da wannan, ina ce wa kaina ai ko na je ba abin da zai canza. Amma ba wannan ce maganar ba.

Da ƙafa ta ƙi Inna gaba ɗaya na ɗauko ta na kawo ta nan, ɗakin da ke kusa da zaure, wanda kuke ajiye buhunan shinkafa yanzu. Manyanku za su tuna. Hajo ba ta taɓa barin ta da yunwa ba, ba ta taɓa ɗaga mata murya ba, in an tashi da safe takan gaishe ta daga tsakar gida. Amma ba ta taɓa shiga ɗakin ta zauna ba. Tuwo da hannunku ake aikawa, a ce ku ajiye ku fito. Inna tana jin hirarku da dariyarku ta bango, ita kaɗai da carbinta. Shekara goma sha ɗaya.

Ana saura 'yan kwanaki ta rasu, na dawo daga aiki da la'asar na zauna a bakin gadonta. Na ce mata zan tara gidan in faɗi gaskiya. Ban taɓa yi mata zancen ba sai ranar, ina ma zaton sai na yi mata bayani. Ta yi 'yar dariya.

"Ummaru, ai na ga hannunka sadda kas sake ta. Na ga huskarka kuma. Wani abu ya ba ka tsoro can, ban san ko mi ne ne ba."

Na gaya mata zancen ramin da fedar. Ita ce mutum na farko da na gaya wa. Ta saurara har ƙarshe, ta ce:

"Ashe haka anka yi maka. Su bar mutum shi ɗai cikin dutse." Sannan ta ce, "Bar laihin bisa kaina. Ni tahiya za ni yi. Kai ka zama da matarka, kai ka zama da ɗiyanka. In ta raina ka, ina za ka sa kanka?"

Na karɓi wannan magana da sauri, kamar yadda na karɓi shirunta na farko. Na ce wa kaina umarnin uwa ne. Ku kada ku yarda da wannan. Inna ta faɗa ne don tana sona, ni kuma na bi ne don ina jin tsoro, kuma da na tashi a ranar na tara ku, da ta samu ko kwana uku Hajo tana zaune a ɗakinta.

Makon jiya, bayan maganar Bashiru, na samu uwarku a tsakar gida da hantsi tana tsince shinkafa a faifai. Na zauna a kan turmi na faɗa mata duk abin da na rubuta a nan. Ba ta katse ni ba, hannunta dai ya tsaya. Na so ta yi faɗa, ta zage ni, ta tara mini dangi. Da na gama ta daɗe tana kallon ɗakin da ke kusa da zaure.

"Shekara goma sha ɗaya ina aika mata tuwo da hannun yara," ta ce. "Malam, yanzu wa za shi kai mata ban-haƙurina?"

Tun ranar ba ta ce mini komai ba bayan gaisuwar safe daga tsakar gida. Abincina yana zuwa zaure a kan lokaci, da zafinsa, jikata ce ke kawowa ta ajiye ta fita. Kada wani a cikinku ya je ya ba ta baki a kaina. Na san wannan kwanon, na san hanyar da ya biyo.

Abu ɗaya nake roƙonku. 'Yar Bashiru an riga an raɗa mata suna, Allah ya raya ta. Amma kuna da yawa, kuma ba ku gama haihuwa ba. Kakarku ba ta ɓoye wasiƙa ba, da ciwon ƙafa ta shiga kwalekwale ta kai mini ita don kada ta kwana. Sunanta Hawwa'u, mutanen Argungu suna ce mata Kulu.